Ba a Tambayar Mai Kuza Raminsa

Bari in tona asirin kaina da kaina, kafin abokan wasana su riga ni. Kuzar farko da na saya a duniya ba kuza ba ce. Yashi ne, baƙin yashi, irin wanda ruwan sama ke tarawa a gefen hanya.

Lokacin ina ɗan saurayi, na baro makaranta daga aji uku, bayan ni da malamin lissafi mun fahimci ba za mu amfani juna ba. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Alhaji Barau, mai sayen kuza a Rano, ya ce ga shi nan, ko shara ce ya riƙa yi. Ban daɗe ba Alhaji ya aike ni Rurum a keke in karɓo masa kaya. A hanyar dawowa wani tsoho ya tare ni da ƙulli a tsumma. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, "Yaron Alhaji, zo in ba ka abin da zai sa maigidanka ya yi maka aure bana." Na kwance na gani, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Na juye masa aljihuna duka, har da kuɗin abincin rana, na tuƙo keke ina waƙa.

Na kai wa Alhaji ƙullin. Ya baje kayan a faranti, ya ɗauko maganaɗisun da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya wuce da shi ta sama. Sai ga dukiyata tana tashi tana manne masa, kamar yara sun ga mai alewa. Faranti ya koma fes. Ya ɗaga maganaɗisun ya nuna wa mutanen rumfa, ya ce, "Ku zo ku gani, Mati ya sayo wa ƙarfena gemu." Tun daga ranar sunana ya zama Mati Mai Yashi, kuma har jikokina da shi suke nemana.

Na kawo wannan ne saboda ku, samarin yanzu. Ina jin ku in na wuce a babur da buhu a baya, kuna cewa Baba Mati ya huta, ya sayi ƙasa ya sayar da ƙasa. Wasunku har sun sayi sikeli sun kafa rumfa. To ku matso, sana'ar nan daɗi gare ta kamar me, amma tana da haƙora.

Kayan aikina duka ba su cika jaka ɗaya ba. Maganaɗisu kun ji aikinsa: kuza ba ta kula shi, baƙin yashi kuwa da gudu yake zuwa. Sai gwangwanin madara, wanda shi ne alƙalin sana'ar. Ka cika shi, ka share bakinsa da tsinke, ka ɗora a sikeli. Gwangwani ɗaya ne kullum, to in ya yi nauyi kayan na da kyau, in ya yi sakayau akwai baƙi a ciki. Hannun da ya daɗe ma ba ya jiran sikeli, yana ɗagawa ya sani. Sai kasko, don akwai masu yayyafa wa kuza ruwa ta ƙara nauyi, su zo maka da fuskar salihai. Ka ce bismilla, ka zuba a kasko ka ɗora a wuta, kuna hira tururi na tashi, fuskar salihan tana sauka. Na ƙarshe shi na fi so. Ka fasa tsohon batirin tocila, ka miƙe ɓawonsa, ka ɗora ƙwayar da kake shakka, ka ɗiga mata ruwan batirin mota. Ka ɗan jira, ka goge ta da tsumma. In kuza ce sai ka ga ta yi fari kamar an shafa mata azurfa. Wallahi har yau in na ga wannan farin sai na ji kamar in yi guɗa, da gemuna da komai.

Wankin kuza kuwa, duk ƙasar Kibiya ban ga wanda ya kai Ladi ba. Ladi 'yar kawuna ce, taubashiyata, tana zaune a Unguwar Gai, kuma tun muna yara ba mu taɓa rabuwa ba tare da ta zage ni ba. Samari su haƙo ƙasa a gefen rafi, su kawo a kwanon sarki, ita da tsofaffin mata su tsuguna a ruwa da ƙore. In Ladi ta juya ƙwarya sai ka ce tankaɗe take yi a cikin ruwa. Laka ta fita, farin yashi ya bi ta, tsakuwa ta gangara baki ta sa yatsa ta ture, can a gindi sai ga baƙin layi ya kwanta kamar kwalli a ido. Na gwada sau ɗaya a gabanta. Ta ce in bari, kifayen rafin ba su da buƙatar kuza.

Akwai wata doka da ba a rubuta ba, kuma da kunnena na biya kuɗin koyonta. Wata rana wani dattijo ya kawo wa Alhaji kaya masu kyan gaske, manyan ƙwayoyi kamar dawa. Ni da zumuɗi sai na ce, "Kai, Baba, a ina ka samo wannan?" Dattijon ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ɗaure ƙullinsa ya fita, ko sallama babu. Alhaji ya kama kunnena ya murɗa kamar yana neman tasha a rediyo.

"Ka taɓa jin an tambayi maharbi inda ya ɗana tarko?"

"A'a, Alhaji."

"Wanda ya tambayi rami, gobe shi da diga za a gani a bakin ramin. Ka kira mutumin nan ɓarawo bai ji haushi kamar wannan ba. Kayansa ka saya, ba gonarsa ba."

Da goro aka aike ni har gidansa ban haƙuri. Haka na tashi, haka duk wani mai sayen kuza ya tashi. Ka gwada kaya yadda ka ga dama, ka ƙona, ka auna, ka yi ciniki har a yi rantse-rantse, amma ba a tambayar mai kuza raminsa.

Abin da na fi gwanancewa a kai shi ne surki. Masu saye a birni suna da nauyin da suke so gwangwani ya kai. To ka samo mai ƙarfi daga nan, mai rauni daga can, ka tankaɗe, ka daka manyan ƙwayoyi su daidaita da ƙanana, ka juya a tabarma da tafin hannu har launi ya zama ɗaya. In na gama surki, ko matar da ta wanke kayan ba za ta gane nata ba. Alhaji da kansa, da tsufa ya kama shi, ni yake tura wa. Yakan ce yaron da ya sayi yashi ya zama mai aurar da kuza.

Sai shekarar da kasuwa ta mutu. Ba a yi mana sallama ba. Mun kai kaya Kano muka tarar da ƙofa da kwaɗo, maigadi ya ce masu saye a ƙasashen waje sun ce ta ishe su. Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya koma sayar da hatsi. Ramuka suka cika da ruwa, kwaɗi suka gaje su. Ni kuma na rage da kaya a ɗaki, ba mai so ko kyauta. Da iskar bazara ta fara ɗaga min kwanon rufi, sai na ƙulla kuzar a ƙananan buhuna na jera a saman ɗaki ta danne. Mutane suna danne rufinsu da duwatsu, ni da jarina na danne nawa. Na yi faci, na yi dakon gyaɗa, na yi dillancin awaki har wani ɗan akuya ya tuma da ni cikin kwata a tsakiyar kasuwar Rano. Shekaru suka tafi a haka.

Ranar da na ji kuza ta dawo, ina kan tabarma ne a ƙofar gida. Wani direba da ke jigila tsakanin Kibiya da Kano ya tsaya ya ce, "Mai Yashi, ana neman irin kayanku a birni kamar a yi dambe." Ban ko nemi tsani ba. Ta kan katanga na hau rufi, tsoho da ni, maƙwabta suna salati. Buhunan sun ruɓe, amma kuza ba ta ruɓewa. Na tattare abina da tsintsiya.

A ɗakin ajiyar wani sabon kamfani a Kano na haɗu da Malama Hadiza, wadda ita ke karɓar kaya. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, ta yi karatun duwatsu. Ta gwada kayana da wata na'ura kamar abin busar da gashi, ta ce suna da kyau. Sannan ta ce, "Baba, wayar da ke aljihunka, ka san da kuza aka liƙe hanjinta?"

Na ce, "Ashe ni ne kakan wayar, take min rowar caji."

Ta yi dariya, sannan ta gyara zama. Ta ce masu sayen kuza a waje yanzu ba nauyi kaɗai suke tambaya ba. Akwai wuraren da masu bindiga suka riƙe ramuka, su sa mutane haƙa dole, su sayar su sayi harsashi. Don haka duk buhun da zai fita sai ya faɗi asalinsa: wane rafi, wa ya haƙa, wa ya wanke. Ta nuna min wani maɗaurin roba mai lamba da ake ɗaure bakin buhu da shi, in an ɗaure ba ya kwancewa sai an yanka. Mu daga baya ɗan kunne muka sa masa suna, don a kunnen buhu yake lilo.

Na ce, "Tsaya, Malama. Wato in tambayi mutum raminsa?"

"Ka tambaya, Baba. Kuma ka kai ni in gani da idona."

"Ai gara ki ce in sa Bafulatana ta faɗi sunan ɗan farinta a kasuwa."

Ta ce ta san da wuya, amma buhu mai ɗan kunne farashinsa daban ne, kuma kasuwarsa ba ta rufewa da wuri. Sai dai akwai sharaɗi. In aka kama buhu ɗaya tak da kayan wurin masu bindiga a ƙarƙashin lambar yankinmu, ba ni kaɗai za a kora ba. Za a janye ɗan kunne daga Kibiya da Rano gaba ɗaya, kowa ya koma sayar wa 'yan bakin titi a wulaƙance. Wake ɗaya, ta ce, shi ke ɓata gari.

Zuwanmu na farko rafin Unguwar Gai ba zan manta da shi ba. Mun bar mota a gari muka taka. Matan na hango ni da baƙuwa riƙe da waya, sai kowace ta kife ƙwaryarta ta zauna a kai. Wata ta jawo zane ta fara wanki, babu ko sabulu. Ladi ta miƙe, hannu a ƙugu.

"Mai Yashi, tsufa ya sa ka fara sayar da ramukan mutane?"

"Haba Ladi, baƙuwa na kawo miki."

"Na gan ta. Sannu 'yan mata. Mu nan wanka muka zo yi."

"Da diga da shebur?" in ji ni.

"Bayanmu ke ƙaiƙayi."

Malama Hadiza ta matso bakin rafi. Ta cire takalmi, ta ɗaure bakin zanenta, ta shiga ruwa ta ce, "Inna, ara min ƙwaryar." Ta ɗebi ƙasa ta fara juyawa, sai ga hannu na tafiya daidai. Ashe kakarta a ramukan kuza na Jos ta tsufa, a gindinta ta koya. Da baƙin layi ya kwanta a gindin ƙwarya, sai matan nan suka sauka daga kan ƙorensu ɗaya bayan ɗaya suna leƙe. Ladi ta karɓa ta duba, ta ce, "Kin bar yashi kaɗan. Amma kin fi wannan tsohon nesa ba kusa ba."

Ba a ranar aka gama ba. Sai da aka zauna a ƙofar mai unguwa, da liman, aka yi magana a fili: kamfani zai san rami, amma ba zai faɗa wa maƙwabci ba, kuma kowane wuri an shaida na wane ne, ba mai zuwa da diga gobe. Aka ce yara ƙanana ba sa shiga rami, kuma rami in ya yi zurfi sai an tokare shi da itace. Ni kuma na zama mai yawon tambaya. Ni, Mati, da aka murɗe wa kunne. Na bi Durba, na bi Rurum Sabon Gari, ina sallama ina cewa a nuna min rami, wasu su yi dariya, wasu su saki kare. Amma da buhun farko ya tafi da sunan matan Unguwar Gai, ya dawo da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba, sai aka fara aiko min da kaji ana cewa in zo in ga rami. Ladi ta ce ba mai ɗaure ɗan kunnen buhunsu sai ita. Takan ja shi da haƙori, ta buga buhun ta ce, "Je ka gaishe da Turawa." Waccan kakar na ga zawarawa sun sayi tumaki, na ga an sake rufin ɗakuna, na ga samarin da suka tafi birni neman acaɓa sun dawo sun ɗauki shebur. Ni kaina na yi sabuwar taya gaba da baya.

To a nan maganar Isiya ta shigo.

Isiya baƙo ne, magidanci, ya zo daga yamma ya kama haya a Durba da matarsa da 'ya'yansa. Ba shi da hayaniya. Tun kafin zuwan ɗan kunne yake kawo min kaya ranar kasuwa, rabin buhu, wani lokaci ƙasa da haka. Kaya kuwa na gani na faɗa, ja-ja-ja, manyan ƙwayoyi, gwangwani ya kusa karya min sikeli. Ban taɓa ganin laka a ƙafarsa ba, kuma na san duk rafukanmu babu mai ba da wannan launi. Amma ba a tambaya, ban tambaya ba. Yanzu kuwa kowa na tambaya, saura shi.

Sai na fara wasan ɓuya da shi. Ranar kasuwa ta farko na ce sikeli ya lalace. Ta biyu na ce cikina ke murɗa, na riƙe ciki har sai da ya yi min sannu. Ta uku na ce a gaya masa na tafi Kano, na lallaɓa bayan mai shayi na zauna. Ina cikin kurɓa sai ga inuwa a kaina.

"Baba Mati, an ce ka tafi Kano."

"Yanzun nan na dawo."

"Sannu da hanya. Na taɓa babur ɗinka, sanyi ƙalau. Ko shi bai san ka tafi ba?"

Na ce a haɗa masa shayi. Ya zauna, ya ajiye buhunsa tsakanin ƙafafunsa. Na yi zancen damina, na yi zancen tsadar taki, na yi zancen ciwon gwiwa. Da zance ya ƙare na ce, "Isiya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba tarbiyyata ba ce. Kayan nan daga ina suke?"

Bai ɗaure buhu ya tafi ba. Ya juya cokali a kofi, ya ce, "Na san ranar nan za ta zo."

Ya ce daga garinsu suke. Masu bindiga sun zagaye yankin, sun hana noma sai da izininsu, sun riƙe ramukan bayan gari. Mutanen gari su ke haƙa. In an fito da kaya, a bakin rami suke ɗibar abin da suka ga dama, ragowar su bar wa mai haƙa. Ƙannensa biyu suna can da mahaifiyarsu, tsohuwa ce ba ta iya tafiya, shi ya sa ba su fito ba. Abin da aka bar musu suke tarawa, su cusa a buhun gawayi, direba ya kawo masa. Shi kuma ya sayar, ya sayi hatsi da magani ya aika.

Ya ce, "Baba, kowa ya san hannunka. Ka surka da na Unguwar Gai. Wa zai gane?"

Maganar gaskiya, ba mai ganewa. Ina dubansa ina lissafin aikin a kaina: a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba kaɗan-kaɗan cikin buhu da yawa, jan ya ɓace cikin baƙi. Aikin yini ɗaya ne. Na ce ya ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. Da na koma gida har rariyar na ɗauko na kakkaɓe. Sai idona ya faɗa kan 'yan kunnen da ke rataye a ƙusa. Lambar da ke jikinsu ba tawa ba ce, ta matan rafi ce.

Washegari da hantsi na sami Ladi a bakin ruwa, na ja ta gefe na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, abin da ba ta taɓa yi min ba.

"Buhun da sunan wa zai tafi?"

"Da naku."

"In an gane fa?"

"Ba za a gane ba. Ni ne fa."

"Kai ne ka sayi yashi." Ta juya ta dubi matan da ke tsugune a ruwa. "Waccan marayu huɗu take riƙo. Waccan mijinta na kwance. Ka je ka faɗa musu ka sa su a caca, in sun yarda na yarda." Sannan ta ce, "Mati, ka san amsar tun a gida. So kake in faɗa, ka ce Ladi ce ta hana."

Ban musa ba. Ta ce in kawo mata mutumin, akwai wuri a ƙasan rafi da ba mai taɓawa, ya haƙa su wanke masa, kayansa su shiga buhu da sunansa a fili. Ba zai kai na garinsu ba, amma halal ne kuma ba fargaba. Ta ce kuma in biyo ta gida in ɗaukar masa dawa.

Na kuma tuntuɓi Malama Hadiza, ban kama suna ba. Na ce misali, a ce mutum ne kaza da kaza, babu wata ƙofa? Ta ce, "Baba, ba ni da ƙofar da zan buɗe. Muddin kayan ramin nan suna samun kasuwa, masu bindigar ba za su bar mutanen su fito daga ciki ba. Dalilin dokar ke nan. Amma ba zan ce maka ba ta taka marar laifi ba. Tana takawa." Ta ce in mai misalin ya sami rami a yankinmu, ita da kanta za ta zo ta ɗaura masa ɗan kunne.

Ranar kasuwa Isiya ya zo da buhunsa. Wannan karon ban ɓuya ba, sikeli ma lafiyarsa ƙalau. Na shimfiɗa masa tabarma na ce ba zan saya ba, ba zan surka ba. Na faɗa masa maganar Ladi da wurin da ta ba shi, na nuna masa dawar. Ya yi godiya, ya ce Allah ya saka mata, zai zo. Wannan buhun kuma zai kai wa 'yan bakin titi, waɗanda ba sa tambaya, su karya masa farashi yadda suka saba yi wa wanda ba shi da zaɓi.

Ya zo kuwa. Yana nan yanzu a ƙasan rafin Unguwar Gai, laka har gwiwa, buhunsa na tafiya Kano da lambarsa. Ɗan kunnen yankinmu bai taɓa samun tabo ba, matan suna ta wankinsu, ni ma ina ta yawona a babur kuna cewa na huta. Ni da Isiya muna gaisawa, muna shan shayi, yana min tsiyar tafiya Kano. Sai dai akwai maganar da ya faɗa a ranar da na ƙi sayen kayansa, yana durƙushe yana ɗaure bakin buhunsa da igiya, ko ɗagowa bai yi ba. Ni da ba a taɓa kayar da ni a baki ba a kasuwar Rano, har yau ban mayar masa ba.

"Baba Mati, su masu bindigar tun a bakin rami suka ɗebi nasu, kuma sun sayar. Wannan da ka ƙi, na tsohuwata ne."